Ƙasar da Na Zubar a Ƙorama

Har gobe ban manta da wata Talata ta farkon damina ba, ranar da muka taso daga Tsafe za mu koma Bungudu, ni da Baba Iro. Ku da kuka shigo aikin gandun daji bana, kuna ganina da furfura kuna zaton da hankalina aka haife ni. To, ku gyara zama ku ji wautar da na tafka da rana tsaka.

A lokacin ni ma'aikacin wucin gadi ne, wato lebura da ake ɗauka zango-zango. Da rani muna Tsafe, a gidan renon itatuwa. Can muke cika baƙaƙen ledoji da ƙasa da yashi da taki, mu shuka iri, mu yi ta ban ruwa safe da yamma a ƙarƙashin rumfa. Da ruwa ya sauka sai a kwashe mu zuwa Bungudu, inda ake dashe a wani fili kusa da gulbi. Da kaka kuma mu dawo Gusau, lambun shaƙatawa, yankan ciyawa da aske shinge. Matata Hadiza takan ce ni da makiyaya bambancinmu shanu ne kawai. A samanmu akwai hedima, shi ke raba aiki. A saman hedima akwai malamin daji, shi ke sa hannu a takarda, kuma abin da takarda ba ta ce ba, mota ba ta ɗauka.

Baba Iro shi ne mafi tsufa a cikinmu, siririn dattijo marar yawan magana, kuma wannan damina ita ce zangonsa na ƙarshe, don gwiwa ta fara ƙi. Mutumin wani ƙauye ne a bayan 'Yankuzo. Da zaman ƙauyen ya gagara, jama'arsu suka watse, mafi yawa suka sami mafaka a gefen Bungudu, har da matarsa Inna Hajo. A bakin rijiyar ƙauyen akwai wata tsohuwar ɗorawa da kowace mace a garin ta taɓa yin daddawa da kalwarta. Baba Iro ya yi ta maza ya koma sau ɗaya, ya tsinto 'ya'yanta, kuma daga baya labari ya zo cewa an sare ta an yi gawayi. Daga wannan kalwa ya reni dashe talatin da shida a wani lungu na rumfa, shi kaɗai, ba ya barin kowa ya taɓa. Burinsa bai wuce ya kai su Bungudu da rai ya dasa wa mutanensa ba. In suka mutu a hanya, shi ke nan, babu uwar da za a koma a ɗebo wani iri.

Ranar Litinin babbar mota ta zo kwasar kaya. Hedimanmu, Malam Bello, ya duba takarda ya duba lungun Baba Iro, ya sosa ƙeya.

"Baba, dalbejiya da iccen turare anka rubuta. Takarda ba ta san ɗorawa ba."

"To, ni na san ta," in ji Baba Iro. "Ku tahi. Ni ka kai ɗiyana da kaina."

Malam Bello mutum ne mai tausayi, sai dai yana tsoron takarda. Ya waiwayo ya gan ni, ni da kullum nake cika baki cewa buhun taki biyu nake ɗauka lokaci guda. Ya ce, "Sanusi, ga ranar ƙarfinka ta zo. Gobe ka raka Baba." Na buga ƙirji na ce ai wannan ba komai ba ne.

Da safe muka jera dashen a daro biyu, sha biyu a na Baba, ashirin da huɗu a nawa, muka lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu. Daga Tsafe zuwa Gusau lafiya lau muka zo. Baba bai yarda a sa daro a but ɗin mota ba, a cinya muka riƙe su, har ƙafata ta yi sanyi kafin mu wuce dutsen Kwatarkwashi. Wata Hajiya da ke kusa da shi ta ɗaga buhun ta leƙa, ta ce ita ta zaci kaji ne, irin lallaɓawar da yake yi. A tashar Gusau muka hau a-kori-kura. Mun wuce Furfuri kaɗan direba ya tsaya, ya ce hanyar da ke ratsawa zuwa filin dashe ruwan jiya ya yanke ta, sai dai mu yanka ta gonaki da ƙafa. Ya nuna mana wata kuka can nesa, ya ce in mun kai ta, mun ci rabi.

Muka naɗa gammo muka ɗauka. Da farko har waƙa nake yi. Gero ya fara tsiro, ƙasa na ƙamshi, manoma na ɗaga mana hannu suna barka da hanya. Amma tafiyar gona bayan ruwa ba tafiyar titi ba ce. Laka ta cinye mini takalmi ɗaya, na cire ɗayan na soke a ƙugu. Muka hau wani tudu mai duwatsu, ƙadangaru na tsere mana, muka gangara cikin sabara har ƙirji, ƙaya ta yage mini wando. Wata Bafulatana ta tsaya ta ba mu ruwa a ƙwarya. Ni na shanye nawa tas, Baba kuwa ya kurɓa sau ɗaya ya yayyafa sauran a kan buhunan. Muka kai kuka, muka wuce ta, wuyana ya fara tsami, ga hadari ya haɗo daga gabas. Waƙa ta ƙare, kuma raina ya fara ɓaci da tsohon da ke tafe gabana ko nishi ba ya yi.

Wajen azahar muka iso wata ƙorama. Da rani yashi ne zalla, yara na wasa a ciki, amma ran nan ta kawo, ruwa ja yana gudu. Baba ya sauke daronsa, ya yanki sanda, ya shiga yana gwada zurfi. Ruwan ya kai masa ƙugu. Ya dawo ya ɗauki nasa kayan ya haye a hankali, ya ce in huta, bari ya yi salla a can tsallake kafin in biyo shi.

A nan shaiɗan ya ba ni shawara, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu. Na dubi daron nan na ce, me ke da nauyi in ba ƙasa ba? Dashen kansa bai fi tsinke ba. Ƙasa kuwa ai ko'ina akwai ta, in mun isa Bungudu na cika ledojin da ta bakin gulbi, wa zai sani? Na tsuguna a bakin ruwa, na ɗauki leda, na matsa gefenta na karkata, ƙasa ta zube, ya rage ɗan abin da ya manne a saiwa. Na lura baƙa ce sosai, ba irin tamu ta gidan reno ba, har tana yin zare a cikin jan ruwan kafin ta ɓace. Ban tsaya tunani ba. Sai da na yi wa tara haka, na ɗaga daro na ji ya yi sauƙi, na yaba wa kaina dabara. Na shiga ruwa na haye, har ina murmushi.

Baba ya shafa addu'a, ya taso ya taya ni saukewa. Da hannunsa ya ji nauyin ya ragu. Ya yaye buhun. Ya daɗe yana kallon ledojin nan tara da suka lanƙwashe, saiwoyi farare a waje. Sannan ya juya ya dubi ƙorama.

"Sanusi, ina ƙasar?"

"Na rage ta ne, Baba, don nauyi. In mun isa zan cika su. Ai ƙasa ƙasa ce."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a kan wani dutse, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Wagga ba ta Tsahe ba ta," in ji shi. "Ta gindin uwarsu ta. Ran da nit tahi tsintar kalwa, buhu guda nic ciko, na ɗauko shi bisa kai har bakin hanya. Ubana ya koya man, ɗiyan ɗorawa ba su kamawa da kyau sai da ƙasar da uwarsu tat tsaya ciki. Ko malamin daji ya ce gaskiya na, akwai abin da ke cikinta da ido ba ya gani." Ya sake duban ƙorama. "Kuma ita ɗai ta rage muna daga garin."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har na kasa haɗa ido da shi. Na zabura zan koma cikin ruwa, kamar akwai abin da zan kamo. Ya riƙe mini riga.

"Zamna. Wadda ruwa ya ɗauka ta tahi. Rana na dukan saiwa, kai kana neman abin da ba ka samu."

Ya sa na shimfiɗa buhu a inuwar wata kanya, muka jera sauran ledoji ashirin da bakwai. Sai ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya, yana sa yatsu uku a gefen leda, nesa da saiwa, yana ɗebo ɗan kaɗan yana tarawa a cikin hularsa. Ba ya ɗibar abin da zai cuci mai ita. Da hular ta cika, ya raba wa tara ɗin nan, ya lulluɓe saiwar kowanne da baƙar ƙasa tukuna, sannan ya ce in ɗebo ta bakin ƙorama in cika sama. Na ɗebo ina zubawa.

"Za su yi, Baba?"

"Allah ya sani. Amma haka anka yi muna da munka zo Bungudu ba mu da komi. Wanga gida ya ba da tabarma, wancan ya ba da tukunya, wani ya ba da kwanon dawa. Babu wanda ya talauce, mu kuma munka rayu."

Hawaye ya cika mini ido, ni ƙaton da ke ɗaukar buhu biyu. Muna gamawa ruwa ya sauko. Na ce sai dai in haɗa har da nasa daron in ɗauka, ya ce a'a, kowa ya ɗauki nasa. Muka ƙarasa cikin ruwan sama, daron ya fi ɗazu nauyi da laka, amma ko sau ɗaya ban sauke ba.

Da la'asar muka shiga unguwar da mutanensu suke, 'yan ɗakunan laka da rumfunan kara a gefen gari. Kafin mu sauke, mata sun fito. Inna Hajo, gajeruwar tsohuwa mai kaifin ido, ta tsuguna gaban daro. Ba ganyen ta fara taɓawa ba. Ta sa yatsa a leda ta ɗebo ƙasar, ta murza, ta kai hanci. Ta rufe ido ta ce, "Ta bakin rijiya ta." Sai ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta shinshina ta miƙa gaba. Wata ta juya baya tana goge fuska da gefen zane.

Idon Inna Hajo bai bar komai ba. Ta kai kan tara ɗin, ta tona saman ɗaya ta ga ja, sai ta dubi mijinta.

"Malam, waɗanga fa? Mi ya same su?"

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, Baba ya riga ni.

"Hanya ta ci rabonta. Da ba don yaron ga ba, da ko guda ba ta iso ba. Ki ba shi ruwa ya sha."

Ta dube ni ta sa mini albarka, ta kawo mini fura da hannunta. Na sha kaina a sunkuye.

Washegari Malam Bello ya roƙi malamin daji, aka ba mu gefen fili ta wajen unguwar, aka dasa su, kowane gida ya ɗauki nasa ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Tara ɗin nan ni na roƙa a bar mini. Duk daminar, in an tashi aiki, nakan bi su ɗaya-ɗaya, kuma da aka kwashe mu zuwa Gusau da kaka, kowace Juma'a sai na hau mota na je na ba su ruwa. Bakwai suka kama, biyu suka bushe. Ran da na je na gaya wa Baba biyu sun tafi, ya ce ko a cikin nasa ma uku sun tafi, in daina ƙirga wa kaina laifi. Har Allah ya karɓi abinsa, bai taɓa gaya wa kowa abin da ya faru a ƙoramar nan ba. Ni ne na gaya wa Inna Hajo da bakina bayan rasuwarsa. Ta ce ta sani tun ranar, ai ta ga jan ƙasa a farcena.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. A aikin nan za a riƙa ɗora muku kaya kuna yawo da su daga gari zuwa gari, kuma wani kayan ba a rubuta shi a takarda ba. In ya yi muku nauyi, ku sauke ku huta, ba laifi ba ne. Amma kafin ku rage, ku tambayi mai shi abin da ke ciki.