Saniyar Yaya da Cukun Wata Uku

Shekarar da Yayana ya yi ritaya daga ma'aikata, sai ya sayi saniya. Ba irin fararen nan namu ba, wata 'yar ƙarama ce ja mai manyan idanu, wai Jasi ake ce wa irinta, daga ƙasar sanyi. Ya ajiye ta a gonarsa ta Jiwa, ya kira ni a waya.

"Ke kika iya cuku a gidanmu. Madararta duk mai ce, sai kin gani."

Na ce, "Yaya, ina da aiki fa."

"Asabar kawai za ki riƙa zuwa."

Saniyar ba ta son zafi. Rana na ɗagawa sai ta tsaya tana haki, harshe waje. Yaya ya kafa mata rumfa, ya ɗaura fanka biyu, ya jawo janareta, alhali ni a gidana da mafici nake fama. Harawa ta ƙi ci sai dusa jiƙaƙƙiya. Ga kaska. Likitan dabbobi ya fi ni sanin hanyar gonar.

Madarar kam, ban taɓa ganin irinta ba, kauri har da ɗan rawaya. Na ɗora tukunya, na matsa ruwan tumfafiya, cuku ya haɗu da laushi gwanin kyau. Ko ɗanɗano ban gama ba Yaya ya kwashe ya kai wa abokansa a Maitama.

Ya dawo fuska a murtuke. Wai sun ce ba irin na Turai ba ne, na can sai ya yi wata uku a ajiye.

Na ce, "A wannan zafin? Ruɓewa zai yi."

"Ke dai yi abin da na ce."

Na yi. Cikin sati biyu ɗakin ajiya ya ƙi shiguwa don wari, cukun ya yi kore. Na ɗauka zan zubar, ya tare ƙofa, wai koren ne daɗin. Ya yanka ya ci a gabana, yana gyaɗa kai.

Kwana uku ya yi a asibiti ana ƙara masa ruwa. Da na je dubiya, ya ɗago da ƙyar ya ce ya gano matsalar, gishirina ne bai ji ba.

Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na ɗauki jakata. Ban sake hura wuta a gonar ba. Yanzu idan ya aiko da madara, fura nake damawa.