Kwalbar da Kaka ta Rufe

Ko yau in na shiga asibiti, warin ruwan nan da ake jiƙa tsokar mutum a ciki ya bugi hancina, sai in tuna da Inna.

Ina 'yar firamare a Rikoto, cikin Zuru, ƙullutu ya fito wa Inna a wuya. Baba soja ne, yana can wurin aiki, sai Kawu, ƙanen Inna, ya tsaya mata. Aikinsa a wani asibitin Zariya rina tsoka ne: a yanka ta siririya kamar ɓawon albasa, a zuba mata launi, a leƙa ta madubin likita. Yakan ba mu labarin wani likita ɗan ƙasar Hungari da ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya ƙare rayuwarsa wajen neman launin da zai tona asirin cuta a cikin nama. Wai har gobe da dabararsa suke aiki. Mu kuwa sai dariya, muna kiransa Kawu marini.

Tsakiyar damina ya lallashi Inna aka yanko 'yar tsoka daga ƙullutun, don a san cutar a san maganinta. Aka ba shi a kwalba cikin ruwan magani, ya ajiye bayan randar Kaka, ya tafi tasha tambayar motar Zariya. Da ya dawo, babu kwalba.

"Iya, ina ajiyata?"

"Na rufe ta inda na rufe cibiyarku," in ji Kaka. "Ɗiyata tana da rai, namanta ba ya zuwa hannun baƙi."

Da hannunsa ya tona gindin tsamiya. Ashe ta zubar da ruwan, ta naɗe tsokar a ƙyalle, tururuwa sun riga shi. Ranar na fara ganin babban mutum yana kuka. Ya roƙi Inna a sake yanka, ta ce wuƙa sau ɗaya ta isa. Ba ta ga girbin dawa ba. Wallahi na daɗe ina jin haushin Kaka, ko da yake na san so ne ya sa ta.

Yanzu Zuru ko'ina allon ɗakin gwaji, amma tsoka har yau sai an aika nesa, a yi ta jira. Kawu ya rasu, tsamiyar ma an sare. Bara irin ƙullutun ya fito wa ƙanwata, na raka ta asibiti. Likita ya tattaɓa wuyanta, ya tambayi abin da ya kashe mahaifiyarmu, ya ce sanin haka zai taimaka ƙwarai.

Ni da ƙanwata muka kalli juna. Na ce, "Ciwon wuya, likita. Iyakar abin da muka sani ke nan."