Motar da ke fizga a hanyar Ajingi

Shekarun baya, lokacin da aka mayar da ni aiki wani ƙaramin asibiti a Ajingi, a Gaya muke zaune. Maigidana ya kafa min sharaɗi tun ranar farko: ba hawa acaɓa, ba cusa kai cikin bas da goyo a baya. Ko in tafi a motarsa, ko in haƙura da aikin. Shi shagonsa na bakin kasuwa, da ƙafa ma yana zuwa. Motar kuwa otomatik ce, mai canja giya da kanta, don haka koyo bai ba ni wuya ba. Ni da na sha wahalar karatu kafin in samu aikin nan, ai ko tarakta ce zan koya.

An ɗan jima lafiya lau, sai motar ta tsiro da wani hali. Da safe ina fita gari, in ta zo ɗaukar giya ta gaba sai ta yi jim, sannan ta buga, gau! Har kan jaririyata sai ya girgiza. Ta sake tafiya kaɗan, ta sake bugawa. Kafin in dawo da yamma ta ɗan yi laushi, in ce Alhamdulillahi ta warke. Washegari kuma a koma gidan jiya.

Da na faɗa wa maigidan, ko motar bai duba ba ya yanke hukunci.

“Ƙafarki ce. Kina taka totur kamar mai taka keken ɗinki.”

Wallahi maganar ta yi min ciwo, amma na yarda, don ban san komai a kan inji ba. Na koma tuƙi ba takalmi, wai don in ji totur ɗin sosai. Ina tafe a hankali, masu Keke Napep na wuce ni suna leƙe. Har lallashinta nake yi: “Haba 'yar uwa, rufa min asiri mana.” Ita kuwa ko a jikinta, gau!

Bakaniken unguwarmu ya zaro sandar gwada man giya, ya goga a tsumma, ya shinshina. Ya ce man ja ne jawur, bai ragu ba, ba ya ƙauri. Ya leƙa ƙasa, ba yoyo. Sai ya girgiza kai ya ce to ƙila abin daga ciki ne, sai an sauke giyar an buɗe. Muna komawa gida maigidan ya ce, “In ta tabbata giyar nan ta mutu a hannunki, makullina zan karɓa. Sai ki sanar da su kin bar aikin.”

Aka ce akwai wani gareji a Wudil mai na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Maigidan ne ya tuƙa mu. Muna hawa titi ta buga masa shi ma, gau! Na kalle shi ta gefen ido. Ya ce, “Ai kin riga kin lalata ta.” To, na ce, Allah ya kyauta.

Mai garejin ya jona na'urarsa ya daɗe yana kallo. Ya ce abin mamaki, babu komai a rubuce, kamar an share mata tunani. Ya tambayi wa ke jan ta, maigidan ya nuna ni da baki. Ya tambaye ni ko tana yi kullum, ko sai ta yi zafi, ko akwai wata ƙara. Na ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Can don haushi na ƙara da cewa, “Ni motar nan gaba ɗaya ta fita hayyacinta. Agogonta ma kullum da safe sai na gyara, rediyon kuma ta manta tashoshin da na ajiye.”

Maigidan ya ce, “Ana maganar giya kina maganar agogo.”

Mai garejin ya ce, “A'a Alhaji, bar ta. Hajiya, kullum da safe?”

Na ce kullum.

Ya ɗaga bonet, ya kama kan batir da yatsu biyu, sai ga shi ya fito a hannunsa ba ko sifana. Notin duk ya cinye don yawan kwancewa. Ya yi mana bayani cewa irin motar nan tana da 'yar ƙwaƙwalwa da ke koyon yadda za ta riƙa shiga giya sumul. Duk sanda aka cire batir sai ta manta, ta faro daga farko tana bugawa. Ga kuma kan batirin a sake, wuta na zuwa tana yankewa. Sannan ya dube mu ya ce, “Wa ke cire batirin motar nan?”

Na buɗe baki zan rantse, sai na ga maigidan ya tura hula gaba yana sosa ƙeya.

Ashe batirin solar masallacin layinmu ne ya mutu. Maimakon ladan ya yi ta fama da maƙogwaro, sai maigidan nawa ya riƙa kwance na motar kafin asuba, a kai a jona wa lasifika, a yi kiran salla, ya dawo da shi ya ɗaura kafin in gama yi wa yara wanka. Motar a waje take kwana, ni ina ciki, ina zan sani? Kiran sallar da ke tashe ni kullum, ashe da batirina ake yi.

Maigidan ya ce a hankali, “Ai aikin lada ne.”

Mai garejin ya juya baya wai yana neman sifana, kafaɗunsa na rawa. Ni kam zama na yi a kan wata tsohuwar taya. Dariya nake, hawaye na zuba, na rasa wanne ya riga wanne. Aka sa sabon kan batir aka ɗaure tamau, aka ce in ja ta kwana kaɗan kada kowa ya taɓa. Haka kuwa aka yi, ta koma shiga giya ba ka ko ji. Mutanen layi kuma suka haɗa hannu aka saya wa masallaci nasa.

Yanzu in na tuna, abin da ke tsaya min a rai shi ne yadda na yi saurin yarda ni ce mai laifi, don kawai an faɗa da ƙarfi. Saura ƙiris in bar aikina a kan abin da ban taɓa ba. Tun daga nan, in majinyaciya ta fara ba ni labarin da kamar bai shafi ciwonta ba, ba na katse ta.

Maigidan kuwa har gobe bai ce min yi haƙuri ba, kuma na daina jira. Amma ranar da muka baro Wudil, da muka zo mota sai ya miƙo min makulli, ya zagaya ya zauna a kujerar mai zaman banza. Muna shiga Gaya ya ce in bi ta bakin kasuwa. Ya sauke gilas har ƙasa, ya fito da hannu, yana gaisawa da duk wanda ya sani, ni ina tuƙi.