Keke Mai Kaya a Hanyar Rugar Baffa Ori

Har gobe ranar nan ba ta fita raina ba, ranar da na isa rugar Baffa Ori na tarar da shi zaune shi kaɗai a tsakiyar gonar mutane. Ku da kuka shigo aikin nan kuka iske moto, wato babur, in an ce maku turne da keke sai ku ƙyalƙyale da dariya. Ku yi abinku. Amma tunda jiya na ji ɗayanku yana cika baki wai kilomita hamsin ba tafiya ba ce, ku matso in ba ku labari.

A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sarbis ɗin kiwo na Agiye, cikin masu bin ƙauyuka da allurar rigakafin dabbobi. Turne shi ne a faɗa maka garuruwan da za ka bi, ka zuba kwalaben magani cikin akwatin ƙanƙara, ka tafi kai kaɗai. Maganin nan rai gare shi. Muddin da ƙanƙara a jikinsa yana aiki, tana narkewa ya mutu, kuma dokar aiki ita ce mataccen magani ba a tsira wa dabba shi, maido shi ake yi buro, wato ofishinmu. A zafin bazara, ko ka naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhu, ƙanƙarar ba ta wuce wuni da kwana. Moto ɗaya ke gare mu a sarbis, shi ma yana wurin gyara tun ƙarshen sanyi, saboda haka keke ne abin hawa.

Baffa Ori dattijo ne makiyayi, kowane rani a gonar wani manomi Malam Idi yake sauka, can gefen Gazawa ta arewa. Yadda abin yake kun sani: shanu su kwana a gona su zuba taki, manomi ya ba makiyayi hatsi. Amma ruwan shuka na sauka, makiyayi zai tashi. Ba sai an ce masa ya tashi ba, kunya ma ba za ta bar shi ya kwana biyu ba.

Ran kasuwar Agiye ya zo har buro ya same ni. Ya ce an yi masa labarin ciwon huhu ya ɓulla cikin shanu a arewa, inda za su yi damina, ƴaƴansa kuma sun matsa su tashi tun hadari bai haɗo ba.

"Na hana su, likita," in ji shi da Hausarsa ta Fulani. "Na ce ba mu tashi sai an yi allura. Yaushe kana zuwa?"

Na ce, "Talata, Baffa, kafin la'asar ina wurinka. Shanu na dawowa kiwo mu yi."

Ya ce, "To. Za ka same ni."

Na shiga wurin shef, shugabanmu, na faɗa masa. Mutum ne mai sauƙin kai, shi ma ya yi zamaninsa a kan keke. Ya ce tunda hanya ɗaya ce, in haɗa da ƙauyuka uku da ke kan hanya, kada a fasa ƙanƙara don ruga ɗaya. Muka yi lissafi tare. Ya ce, "Da safe ne kawai za ka sha nauyi. Kowane gari ka wuce kaya na raguwa, zuwa azahar keken zai zama kamar ba komi a kansa." Na yarda, don a hankalce haka ne.

Bari in faɗa maku gudun keke, tunda ba ku san shi ba. Keke babu kaya, a kwalta, saurayi mai jini a jika zai ci kilomita ashirin a awa bai yi haki ba. Ɗora masa akwatin ƙanƙara, da bido biyu na ruwa, wato jarka, da jakar sirinji, da tabarma, da famfo da kayan faci, sai ya dawo sha biyu ko sha uku, in iska ba ta gabanka. Ka sauka daga kwalta ka hau marmara, in ka samu goma ka gode Allah. In ka shiga rairayin cikin gonaki kuwa, to nan ba a maganar kilomita, jaki ma wuce ka yake yi yana waiwayenka. Duk wannan mun sa shi cikin lissafinmu. Abu ɗaya muka manta, ni da shef, ga shi kuwa dukanmu ƴan ƙauye ne. Mun manta da saƙo.

Na fita bayan sallar asuba. Garin farko na isa da hantsi, aka fito da shanu, na yi aikina lafiya lau. Ina cikin ɗaure akwati sai ga matar maigari da ƙullin irin gyaɗa.

"Malam likita, ashe gaba za ka? Don Allah ka miƙa wa ƙanena a gari na gaba, ruwa ya kusa, bai da iri."

Ban gama amsa mata ba, ga wani tsoho da irin gero a ƙaramin buhu, na ɗansa. Ga wata da ruwan galma biyu da maƙeri ya gama, mai su yana gari na uku. Maigari kuma ya sa aka kamo zakara, wai na gaisuwa. To wa za ka ce wa a'a? Mutanen da yanzu suka riƙe maka ƙahon sa, suka ba ka fura? Ka ƙi saƙo sau ɗaya, baɗi ka zo ka ga ko akuya za a fito maka da ita. Kuma ba ma wannan ba, fuskata ba za ta iya ba. Na ɗaure na ɗaurewa a kariyar baya, na rataya na ratayawa a kan keke, zakara yana reto da kai ƙasa.

Daga nan marmara ta ƙare, rairayi ya fara. Kai jama'a! Tayar baya ta nutse, in taka feda sau uku in diro. Yawancin hanyar tura shi na yi, ƙirjina a jikin sirdi. Babu kowa a dajin nan sai gawo da kututturan karan bara. Ko tsuntsu ya ɓuya. Abin da nake ji kawai numfashina da ƙarar robar da na ɗaure kaya, sai zakara in ya gaji ya yi ɗan kuka. Wallahi har magana na riƙa yi masa, ina cewa ka yi haƙuri, ni ma ba da son raina ba. Mutum in ya daɗe shi kaɗai a hanya babu abin da ba ya yi wa magana.

Gari na biyu da ya kamata in isa kafin azahar, sai da aka yi sallar aka watse na shiga. Kai saƙo kuma ba jefa shi ake yi a ƙofar gida ba. Sai ka nemi gidan, ka yi sallama, a shimfiɗa maka tabarma, ka faɗi lafiyar mai saƙon da ta ƴaƴanta ɗaya bayan ɗaya. Na sauke gyaɗa da gero, na yi allura, ina murna keke ya yi sauƙi. Sai ga wata mata ta tsuguna gefe, ta ce ita Hurera ce, ɗiyar Baffa Ori, a garin take aure. An ce mata rugar babanta za ni.

"Kanwa ce na tara masa ta shanu. In sun tafi ba ni ganinsa sai kaka. Ka ce masa ina gaishe shi."

Na dubi buhun, na dubi tayata. Kanwa ce fa, dutse. Na buɗe baki in ce ta yi yawa, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Na ce ta kawo.

Ban bar garin ba. Ina cikin ɗaurin kanwar gabas ta yi baƙi, iska ta taso, kafin la'asar sosai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki guɗa, yara suna tsalle cikin ruwa, tsofaffi suna hamdala. Ni kaɗai ne a zauren maigari zaune kan akwati, zuciyata ta yi nauyi, don na san abin da ruwan nan yake nufi a gonar Malam Idi. Lokacin da ya kamata a ce ina tsakiyar garken Baffa Ori ke nan. Na nemi lambar ɗansa, wayar a kashe. Ruwa bai tsagaita ba sai bayan magariba, dole na kwana.

Da asuba na kama hanya. Rairayi ya kwanta, ya yi daɗin taka, na ce Allah ya kawo sauƙi. Ashe fadama na gaba. Laka ta cushe tsakanin taya da madigadi, in yi taku kaɗan in tsaya in ƙwaƙule da tsinke. Cikin wani kwazazzabo na ji tas, tas, sifoka biyu na baya sun tsinke saboda nauyi, taya ta fara rawa. Daga nan hawa ya ƙare, sai turi.

Gari na uku na tarar da shi wayam. Kowa ya tafi shuka, har masu goyo. Na yi sallama gida uku, kaji kaɗai suka amsa. Wata makauniyar tsohuwa na samu a inuwar rumbu, na bar mata ruwan galman da sunan mai su, na bar mata zakaran ma. Ban yi allura ko ɗaya ba a garin. Na wuce ta cikin gonaki, can nesa kana hango mutane a jere, maza na sara, mata na binne iri, kowa ya ba hanya baya. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ga mutane ina gani amma ba mai lokacin ɗaga kai.

Rana ta karkata na isa. Babu bukka, babu saniya ko ɗaya. Sai kashin shanu, da tokar murhu da ruwa ya daka, da ramukan turaku. Iyalan Malam Idi sun shuke gonar kaf, sun bar wani ɗan fili kamar faɗin tabarma biyu. A nan Baffa Ori yake zaune kan buzunsa, sandarsa a kan cinya.

"Likita, ka zo?"

"Na zo, Baffa. Ina shanu?"

"Sun tafi tun asuba da yara. Gonar mutane ne, ba mu iya tsayawa." Ya ɗago ya dube ni. "Ni na ce za ka same ni."

Na tambaye shi ko in na zubar da kaya zan cim masu. Ya dubi keken ya girgiza kai, ya ce shanu tun asuba suke tafiya, keke mai kaya kuma a ƙasar nan bai fi saniya sauri ba. Duk da haka na kwance buhun da na naɗe akwati da shi, na buɗe. Kwalabe na yawo cikin ruwa. Ya miƙo yatsa ya tsoma.

"Ya mutu?"

"Ya mutu, Baffa."

"Ko kaɗan ba ya yi?"

"Ba ya yi. In na tsira masu, ruwa na tsira masu, kai kuma ka tafi da zaton an yi."

Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na sauke masa kanwar na isar da gaisuwar Hurera. Ya daɗe yana shafa buhun. Da ruwan ƙanƙarar nan muka yi alwala, muka yi la'asar mu biyu a ɗan filin. Muna sallamewa ya naɗe buzu, Malam Idi ya matso da sungumi, suka yi ban kwana, ya fara sara wurin tun muna tsaye.

Na ce bari in ɗora kanwar a keke in raka shi. Ya yi ƴar dariya ya ce, "Kekenka ya fi ni tsufa yau, likita. Koma gida." Na taya shi ya aza buhun a ka. Na tsaya riƙe da keke ina kallonsa yana bin sawun shanunsa, har tudu ya shanye shi.

Da na koma na maida magani, na faɗa wa shef duk yadda aka yi. Ya riƙe haɓa ya ce, "Saƙo! Ni ma ya taɓa kwanar da ni a hanya, ban san yadda aka yi na manta ba." Ban ce laifin wani ne ba. Matar maigari ba ta yi laifi ba, Hurera ba ta yi ba. Haka mutanenmu suke, wanda ya kama hanya na kowa ne, kuma ba na fatan ranar da za su daina. Abin da na koya shi ne, keken turne ba ya yin sauƙi, abin da ka sauke a gari za a maida maka ninkinsa. Tun daga lokacin, in zan fita, wuri mafi nisa nake fara zuwa kai tsaye ba tsayawa, tun ƙanƙara na da ƙarfi, sannan in biyo garuruwa a hanyar dawowa in kwashi saƙon duk wanda ya ga dama. Ku ma da motonku haka nake so ku riƙa yi. Manomi yana nan gobe, makiyayi ba ya nan.

Da kaka makiyaya suka dawo, ban ga Baffa Ori a gonar Malam Idi ba. Aka ce ciwon ya shiga garkensa a arewa, abin da ya rage bai kai a kira shi garke ba, ƴaƴan sun tafi kiwon shanun wasu. Sai bayan shekara biyu na gan shi, a kasuwar Gazawa, gefen karar shanu, zaune da igiyoyin da yake tufkawa yana sayarwa. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya tashi ya kama hannuna da hannu biyu. Na shirya jin komi daga bakinsa.

Ya ce, "Likita, ranar nan na yi ta tunaninka. Da keken nan naka, ka isa gida lafiya kuwa?"