Lahadin da Baba Yani ya sa kwat

Ku sabbin shiga, har gobe ban manta da Lahadin ƙarshe ta wani Oktoba ba, lokacin ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. An ba ni wani dattijo a Sedgefield, nan Amurka, mutumin Girka, ya kusa casa'in. Baba Yani nake ce masa.

A wani ƙaramin tsibiri aka haife shi, kuma ƙanwarsa tana can, ita kaɗai ta rage masa. Kullum sai ya ba ni labarin garin: da zafi baƙi fal, amma Oktoba na ƙarewa a rufe otal-otal, matasa su bi jirgin ruwa su tafi birni, a bar tsofaffi da itatuwan zaitun. Tsohuwar ba ta iya waya mai bidiyo ba, jikarta ke haɗa su, ita kuwa jikar ran Litinin za ta tafi sai Afrilu. Wato kiran ranar nan shi ne na ƙarshe, kuma likita bai ba mu tabbacin Baba zai kai Afrilu ba.

Jikar ta ce ƙarfe huɗu na yamma, agogonsu. Duk watannin nan awa bakwai ke tsakaninmu, sai na ce tara na safe ke nan. Na yi masa wanka, na sa masa kwat, har da turare.

Tara ta yi, shiru. Na kira, ba a ɗauka ba. Na sake, na sake. Tara da kwata ya ce, "Ta mutu, suna ɓoye mini." Ya ce in cire masa kwat ɗin in ba shi maganinsa ya kwanta.

To ga ƙa'idar: maganin ciwonsa tara da rabi ake ba shi, in ya sha kuwa barci ne har azahar. Mai kula ba ta da ikon ɗaga lokacin magani sai da izinin nas. Na kira nas ɗinmu, Anti Rifkatu, 'yar Jos, ina jin kiɗan coci a bayanta.

Na ce, "Anti, a ba ni rabin awa, ko za su kira."

Ta ce, "Hadiza, ƙarfe nawa ne a Girka yanzu?"

"Huɗu da minti ashirin."

"Lissafinki ne ko wayarki? Duba."

Na duba. Uku da ashirin! Na ce, "Kai! Su ma juya agogo suke?"

Ta yi dariya. "Yau da asuba suka mayar da nasu baya da awa ɗaya, mu sai Lahadi mai zuwa. Riƙe maganin zuwa goma da rabi, ki rubuta na amince."

Ni fa 'yar Maraɗi ce. A gida agogo ba ya motsi, shekara da shekaru nake lissafin kiran innata a kan haka. Na ɗauka wannan rigimar ta juya agogo sau biyu a shekara ta Amurkawa ce su kaɗai.

Na koma na gaya masa. Ya harare ni, ya ce ina lallashinsa ne kamar yaro. Na ce, "Baba, in goma ta wuce ba su kira ba, ni da kaina zan cire kwat ɗin." Muka zauna muna kallon agogon bango.

Goma da minti biyu waya ta yi ƙara. Ga wata 'yar tsohuwa da baƙin ɗankwali, tana ta faɗa da yarensu. Daga baya ya ce mini cewa take ya rame, wai ba a ba shi abinci. Yana kuka yana dariya. Ni kicin na shige na yi hamdala.

Abin da na koya: a aikin nan kada ki amince da abin da kika saba, ki duba, kuma kada ki ji kunyar kiran na gaba da ke. Da na bi takardar ƙa'ida na miƙa masa maganin nan, da barci yake wayar za ta yi ta ƙara. A Fabrairu ya rasu.