Yadda Ƙofar Soronmu ta Koma Lungu

A gidanmu na Mainika akwai wani soro da kakan Baba ya gina, inda yake zama yana rubuta Alƙur'ani. A zamaninsa a bakin gida yake. Amma gida ya yi ta faɗaɗa, ana ƙara ɗakuna ana jan katanga, har soron ya koma cikin sashen mata, bayansa yana kallon lungu, ƙofarsa tana kallon madafin Inna. Maza suka daina shiga. Aka mayar da shi wurin ajiyar tsofaffin tukwane da buhunan dawa, ni kuma na mayar da shi nawa.

Tun ina firamare nake shiga can da littafi. Rufinsa ɗaurin guga ne, in ka ɗaga kai sai ka ga kamar an kifa maka babban kwando. Kusa da 'yar tagar akwai baƙaƙen layuka a bango, inda tsohon yake goge bakin alƙalaminsa. Ko rana ta kai tsaka, cikin soron sanyi yake kamar gindin randa. Ban taɓa tunanin akwai ranar da wani zai so shi ba.

Daminar da na gama kwalejin ilimi, bango ya tsage daga indararo har ƙasa. Taubashina, ɗan Goggo, wanda yake koyarwa a Gwarzo, ya leƙo ya same ni ina cusa tsumma a tsagar.

"Malamar littafi, wannan ramin naki zai rufta da ke," in ji shi. "Ƙaramar hukuma tana ba da tallafin gyaran tsofaffin gine-gine. Ki rubuta, ni in kai."

"Kai bawa, ba malami ba ne kai? Rubuta mana."

"Ni lissafi nake koyarwa. Zuƙi ta malle sai ku masu waƙa."

Na rubuta, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na sa sanyin, na sa tawadar, na sa yadda hasken hantsi yake sauka ta taga ya kwanta a daɓe. Shi ya hau babur ya kai sakatariya. Da ya dawo sai ya ce wani jami'i ya karanta a tsaye, har ya tambaye shi a ina ya koyi Hausa haka.

"Me ka ce masa?"

"Na ce baiwa ce."

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma tawa ta yaƙe ce, sai na kwashe kwanuka na tafi wanke-wanke.

Ranar da jami'an suka zo dubawa, gida ya hautsine tun safe. Baƙi maza za su ratsa tsakar gida, abin da ba a taɓa yi ba. Aka kwashe shanya, aka kife turmi, aka ce mata kowa ta shige ɗaki. Inna tana ta mita, ta bar miya a wuta. Ni na tsaya bayan labule, ina ganinsu ta ɗan gefe. Taubashina ne a gaba, ya sha shadda, yana nuna rufi da hannu. Sai na ji maganata tana fitowa daga bakinsa, har inda na ce tsohon ya tafi ya bar numfashin alƙalaminsa a bango. Ya faɗe ta da ƙarfi, kamar mai tallan magani a kasuwa. Wani ya ce, "Masha Allah." Wani ya shafa bangon da tafin hannunsa, daidai inda nake jingina kaina. Ban san wanda na fi jin haushi ba, mai maganar ko mai shafar.

Amsa ta zo bayan kaka. An amince, amma da sharaɗi: ginin da hukuma ta gyara dole ya zama wanda ɗalibai da baƙi za su iya shiga su gani.

"Ta tsakar gidana?" in ji Baba.

Wani tsohon magini da aka ɗauko daga Kabo ya zagaya soron ya ce abin mai sauƙi ne: a fasa ƙofa ta lungu, a toshe ta ciki.

Na ce, "Baba, a bar su duka biyun mana. Sai a sa wa ta cikin sakata."

Inna ce ta riga shi. "Ɗaki mai baki biyu a cikin gida? Ina tuƙa tuwo ƙato yana leƙena ta jikin ƙyaure? Wallahi sai dai ya rushe."

Baba ya dube ni. Ya san inda nake ɓacewa duk tsawon shekarun nan, ko da yake bai taɓa faɗa ba. "Uwata, ke kika nemo. In kin ce a bari, sai a bari. Amma ba na jin zai ga ƙarshen wata daminar."

Na shiga soron na zauna. Wata zuciyar ta ce mini gara ya faɗi yana nawa. Na ga kaina ina wucewa ta gefen tarin ƙasa, ni kaɗai na san abin da yake wurin a da, kuma tunanin ya yi mini daɗi. Sai iska ta shigo ta tsagar, ƙasa ta zubo a kan littafin da ke cinyata. Na kakkaɓe, na fita na ce wa Baba a yi.

Aikin ya yi kyau, ba ni da abin cewa. An ɗinke tsagar, an sake azarar da gara ta ci, an yi yaɓe da makuba. Ta ɓangarenmu kuwa na tsaya ina kallo ana jera tubali a bakin ƙofar, layi bisa layi, har duhun ciki ya rage kamar faifai, sannan ya tafi. Makullin sabuwar ƙofa aka ba taubashina, tunda sunansa aka sani a sakatariya.

Na daɗe ban je ba. Wata Alhamis na sa hijabi da takalmin unguwa, na fita ta zaure, na zagaya ta lungu. Yana zaune a bakin ƙofa.

"Maraba da baƙuwa! Hajiya daga wane gari?"

"Matsa, bawa."

"Sai an yi sallama. Nan ba gidanku ba ne."

Na yi sallamar. A ciki 'yan matan wata Islamiyya ne daga Kara, da malamarsu, sun cika wurin da surutu da ƙamshin turare. Wata doguwa ta zauna ƙarƙashin taga ta miƙe ƙafa, ta rufe ido. Ba ta magana da kowa. Na so a ce tana cin gyaɗa tana zubar da ɓawo, in samu dalilin tsanarta. Amma zama take irin wanda na sani.

Na raɓe gefe ina jira su tafi, in samu soron ko na ɗan lokaci ni kaɗai. Ba su tashi ba sai da aka kira la'asar.

"Malamar littafi, fito, zan masallaci."

"Ba ni makullin, in na gama in kawo maka."

"Wasu na tafe bayan salla, daga Unguwar Tudu. Ki dawo ranar da babu baƙi."

"Yaushe ke nan?"

Ya ɗan yi tunani, da gaske yake yi, ba tsokana ba. "Wallahi yanzu da wuya."

Ya ja ƙofa ya kulle, ya jefa makullin a aljihu. Na bi lungu na koma gida.