Nowel Cikin Zafi: Abin Da Na Jiyo A Lyon

Mun bar ɗakinmu na Aubervilliers, a gefen Paris, bayan sallar asuba, ni da abokin karatuna, sanyin Disamba na cizon kunne. Metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya kai mu babbar tasha, muka hau sabon jirgin nan mai gudu. Kafin in gama jin haushin tsadar kofinsu, gonaki sun wuce, mun iso Lyon.

Taron ɗaliban adabi ya kai mu. Ni aka ba batun Kirsimeti, wato Nowel, a gajerun labaran Afirkans, harshen da na sani da na Turawan da ke mulkin wariya a Afirka ta Kudu. A fassarar Faransanci na karanta su. Nowel ɗinsu a tsakiyar zafi yake faɗowa, ba ƙanƙara. A yawancin waɗanda na samu, iyali na cin nama a gona, ma'aikata baƙaƙe na jere a ƙofar baya ana miƙa musu alewa da tsofaffin riguna. Wannan ƙofar na yi bayani a kai, na rufe da cewa harshen azzalumai ne.

Da rana muka fita neman abinci. Ko'ina alade rataye, an yi masa ado da fitilu. Muka haƙura da burodi da cuku a bakin kogi. Nan wata malamar jami'a da ta saurare ni ta same mu, ta yi mana sallama irin ta Musulmi. 'Yar Cape ce ta Afirka ta Kudu, gudun hijira ya kawo ta.

Ta ce, "Malam, ka karanta ƙofar daidai. Mahaifiyata ta tsaya a wurin. Amma harshen da ka zaga, da shi take min waƙar barci. Kakana da ajami yake rubuta shi."

Na ce, "Ajami, Hajiya? Irin namu?"

Ta ce irinsa. Sai ta ƙara da cewa a makon Nowel aka rushe unguwarsu, kuma da Afirkans ɗan sanda ya ce su fita, da shi mahaifiyarta ta tsine masa.

Muka komo Paris. Na tafi da tabbacin Afirkans harshen mai gida ne shi kaɗai. Na dawo na san na tsaye a ƙofar baya ma da shi suke kuka, kuma nasu labaran ban karanta ko ɗaya ba.